Ni Na Ji Abin da Likita Ya Ce, Mahaifina Bai Ji Ba

Daga Admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo daga Gaya, ya roƙi a sakaya sunansa. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke masa hukunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, maza da mata. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokacin har in yi dariya in ce wannan ma abin tambaya ne, yau ga shi layi ya zo kaina. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, Gaya ƙaramin gari ne, in mutum ɗaya ya gane ni to duk tasha ta gane. Shawararku nake roƙo don Allah, wanda zai zage ni ya zage ni, na cancanta, amma in ya gama zagin ya gaya mini abin da zan yi, domin lokaci yana ƙure mini.

Shekarata arba'in da uku, ina da mata da 'ya'ya huɗu, aikina cike wa 'yan kasuwa takardun duwan ne, wato kwastan, ko da yake tun da aka rufe gadar kan iyaka aikin ya yi sanyi, yawanci zaman hira muke yi. Mahaifina limami ne a wani ƙaramin masallaci kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, ya fi shekara talatin yana jan salla a wurin, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Ni ne ɗan farinsa, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka haife ni Malam bai taɓa kiran sunana ba, shi ya raɗa mini sunan amma bakinsa bai ƙara furta shi ba. Innata ma haka, ita tata kunyar ta fi tasa. Ana yaye ni aka kai ni garin Bana wurin kakata, can na tashi, can aka sa ni lekol, wato makarantar boko, shi ya sa duk gidanmu ni kaɗai nake jin Faransanci. In na je gaishe shi ina durƙusawa daga bakin zaure, ya amsa yana kallon wani wuri, in yana da saƙo gare ni sai ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, alhali tsakanin gidana da nasa ko tafiyar minti biyar babu. In dole ta kama sai ya ambace ni sai ya ce "wancan na Bana." Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, na san yana sona, ranar da na yi hatsarin babur an ce kwana biyu bai ci abinci ba, amma bai zo asibiti ba, ƙanena ya aiko. Haka muka tashi muka tarar, kuma ni ma ɗan farina ba na sakewa da shi sosai.

Wanda ya fara ankarar da ni cewa Malam ba lafiya na'ibinsa ne, wani dattijo abokinsa tun suna samari. Shi ya tare ni bara ya ce in sa ido, Malam yana sake alwala sau biyu sau uku kafin a ta da salla, kuma ya daina jan dogayen surori da asuba, sai gajeru. Direbobi har murna suke yi wai Malam ya fara tausaya musu, ashe bawan Allah fitsari ne ke matsa masa, in ya je kuma ba ya fita sai ɗigo-ɗigo. Na ji maganar, na ce to, amma ta ina zan fara, in je in tambayi mahaifina yadda yake fitsari? Na aika ta hanyar da muka saba, amsa ta dawo cewa sanyi ne, yana shan jiƙo. Na kama bakina.

Wata Laraba da hantsi fitsarin ya tsaya cak. Mararsa ta kumbura, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba aka ce yana juyi a tabarma yana salati. Ƙanena direban babbar mota ne, lokacin yana hanya, dole ni na je. Muka kai shi asibiti nan Gaya aka sa masa sonde, wato ɗan siririn tiyon nan da ake zurawa ta gaba fitsari ya riƙa zuba cikin jaka. Ina waje aka yi, amma da muka fito na ga yadda ya tattare jakar a ƙarƙashin babbar riga, ya ƙi kallon kowa. Daga ranar ya bar wa na'ibi limanci, ya ce shi ba zai tsaya gaban mutane da najasa rataye a jikinsa ba, ko da malamai sun ce da uzuri. A gida yake sallarsa. Aka tura mu Doso, aka yi ekografi, wato hoton mara, da wani gwajin jini da suke kira PSA, likitan can ya dubi takardar ya dube ni, ya ce mu wuce Yamai kada mu tsaya.

Tafiyar Yamai ita ce karo na farko a rayuwata da na yi tafiya ni da shi mu biyu. Tikitinmu kujeru biyu ne a jere, muna shiga mota ya roƙi wani ɗan kasuwa suka yi musanya, ya koma baya, don kada kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ina ba ku wannan labarin ne don ku gane irin mutanen da muke, kada wani ya ce ai da ka zaunar da shi kun yi magana.

A Yamai muka yi kusan sati uku a gidan wani ɗan garinmu. Aka ɗebi ɗan nama aka kai bincike, aka yi sikana, injin nan mai ɗaukar hoton cikin jiki, aka yi hoton ƙashi. Ranar sakamako muka shiga wurin likitan, mutumin kirki ne wallahi, matashi, ba ya jin Hausa sai gaisuwa, da ya ga ina jin Faransanci sai ya juyo gare ni ya yi ta bayani, Malam yana gefe yana jan carbi yana kallon ƙasa. Ya zana mini a takarda, ya ce prostat wani ɗan ƙullutu ne da kowane namiji ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta cikinsa, yawancin tsofaffi yana kumbura musu kawai, wannan ana ba da ƙwayoyi ko a kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an yanka ciki ba. Amma na Malam ba kumburi kawai ba ne, ciwon daji ne, kansa. Ya ce da an zo da wuri yana nan wuri ɗaya, da akwai zaɓi, ko a cire ƙullutun gaba ɗaya, ko a gasa shi da inji, wani ma in ƙarami ne mai tafiyar hawainiya sa ido kawai ake yi. To na Malam ya riga ya fita, ya taɓa ƙashin baya da na ƙugu, cirewa ba ta da amfani yanzu. Sai dai ya ce kada in karaya, irin wannan ciwon yana da abincinsa, wato sinadarin da 'ya'yan maraina ke fitarwa, wanda shi ke sa namiji ya ji shi namiji ne, in aka yanke masa wannan abincin sai ya lafa, mutum ya samu sauƙi, wasu su yi shekaru. Hanya biyu ce, ko allura duk wata uku ba fashi, ko ƙaramin aiki sau ɗaya a cire abin da ke fitar da sinadarin a huta da allura. Ko wacce aka bi sakamakon ɗaya ne, zai riƙa jin zafi na taso masa da zufa, jiki zai yi nauyi, ƙirji na iya ɗan tasowa, sannan sha'awa za ta mutu, ba zai ƙara iya kusantar iyali ba. Da ya gama sai ya ajiye biro ya ce, to fassara masa duka, ka tambaye shi wacce ya zaɓa.

Jama'a ku tsaya a inda na tsaya. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi zan juya in kalla in ce masa Malam za a cire muku maraina ko a kashe su da allura, kuma ku da Inna shi ke nan. Wallahi na buɗe baki, na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fito shi ne, "Malam, ya ce kumburi ne irin na manya, akwai allura da za a riƙa yi duk wata uku, zai saɓe." Malam ya ce Alhamdu lillahi. Likita ya ga maganar ta yi gajarta, ya tambaye ni na gaya masa duka, na ce e, Hausa ba ta da tsawo. Ya juya ya tambayi Malam da 'yar Hausarsa, "Baba, ka gane?" Malam ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Na ce wa likita ya zaɓi allura. Ni na zaɓa, ni na sa hannu a takarda, shi ko me ake zaɓa bai sani ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko har daɗi na ji, na ɗauka dabara na yi. Aka yi allurar farko aka haɗa masa da wasu ƙwayoyi, cikin 'yan makonni ciwon bayan ya ragu, daga baya aka cire sonde fitsari ya riƙa fita da kansa, da muka koma allura ta biyu likita ya nuna mini PSA ɗin ya sauko ƙasa sosai, har ya miƙo mini hannu. Malam ya koma limancinsa, ranar da ya fara jan asuba ya ɗauko doguwar sura, direbobi suka fito suna cewa to hutu ya ƙare. Mutane suna tare ni a hanya suna sa mini albarka, wai na kula da mahaifina. Saƙo ya zo ta wurin matata cewa Malam ya ce Allah ya yi wa na Bana albarka. Na ce a raina ai ga shi, an samu lafiya, ba a ji kunya ba, me ya rage? Ko matata ban gaya wa gaskiya ba, takardun na kulle su a ofis.

Ashe abin da likita ya lissafa yana nan tafe ɗaya bayan ɗaya. Lokacin sanyi kowa na neman bargo, Malam yana tsakiyar karatu sai zufa ta karyo masa har rawani ya jiƙe. Ya yi ƙiba irin wadda ba ta lafiya ba, ya zama mai saurin fushi, shi da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ina gani, na san dalili, ina yin kamar ban gani ba. Sai wata rana da rana na dawo cin abinci na tarar matata ta yi jugum, ta ce Inna ta zo, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta fashe da kuka. Wai Malam ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure wata biyu ke nan, kuma shekaranjiya ya kira ta ya ce shi malami ne, ya san abin da shari'a ta ce, mace tana da hakki a kan mijinta, shi kuma yanzu ya gaza, saboda haka in tana so ya sawwaƙe mata ba zai riƙe ta da zalunci ba. Aure shekara arba'in da biyar. Inna ta ce wa matata ita da jikoki cike da gida ina ruwanta da wannan, ita mutuminta take so ya dawo ɗaki ko hira su riƙa yi, amma ya ƙi, gani yake kamar Allah ne ya jarrabe shi da wani abin kunya, ko kuma wani ya yi masa hannu, wato asiri. Matata tana ba ni labari tana share hawaye, ni kuwa tuwon nan ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba, na san ba wanda ya yi masa hannu sai ni.

Wannan bai isa ba. Ƙanena ya dawo daga tafiya, wani mai kwalekwale abokinsa ya ja shi gefe ya ce yana ganin Malam yana tsallakawa Malanville, garin da ke hayin kogi, ranar kasuwa, shi kaɗai, ya sauya rawani da hula ya rufe fuska da gyale, ba ya shiga jirgin da 'yan unguwarmu ke ciki. Ƙanena ya bi sawu, ashe wurin masu maganin ƙarfin maza yake zuwa, can ƙetare inda yake ganin ba wanda ya san shi limami ne. Ƙanena shi ba ruwansa da kunya, ɗan gaban goshi ne, yana shiga zauren Malam yadda ya ga dama, ya ɗaga buzun salla ya tarar da kwalabe da ƙulle-ƙulle, wasu garin magani, wasu ƙwayoyi masu hoton doki, wasu rubutun jikinsu ma ba a san na wace ƙasa ba ne. Ya ɗauki hotonsu ya kawo mini yana dariya, wai tsoho bai yarda ya tsufa ba. Dariyarsa ce ta sa na kasa riƙewa, na kai shi ofis na buɗe takardun na gaya masa komai.

Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce ni mugu ne, na mayar da mahaifinmu abin wasa, dattijo yana yawo a kwalekwale yana neman maganin abin da ɗansa ya sa aka yi masa. Ya ce boko bai amfane ni da komai ba tunda jimla biyu ta gagare ni. Ni ma raina ya ɓaci na ce to shi da ake kiran sunansa sau goma a wuni, ake cin abinci kwano ɗaya da shi, ga takardu ya je ya faɗa. Nan fa ya ja baya, ya ce shi bai ji daga bakin likita ba, wanda ya ɗaura shi zai kwance, kuma shi ma ba zai iya kallon Malam ya ambaci maraina ba. Bayan kwana biyu ya samu lodi ya tafi, yanzu sai dai ya kira a waya ya ce ka faɗa masa? In ce a'a, ya kashe. Matata da ta ji gaskiya ita kuma cewa ta yi kada a kuskura a ambaci ciwon daji, ta ce kawunta lafiyarsa ƙalau yana cin tuwo, ranar da aka gaya masa sunan ciwon ya kwanta bai ƙara tashi ba. Na yi tunanin na'ibi, tunda abokinsa ne, amma in Malam ya ji cewa mutumin da ke tsayawa bayansa a sahu ya san wannan sirrin kafin shi, ban san ko zai ƙara taka masallacin ba.

Ina cikin wannan lokacin allura ta uku ya zo. Na aika cewa a shirya za mu Yamai, amsa ta dawo ta hanyar da aka saba, Malam ya ce ba zai je ba. Ya ce ya lura, tun da aka fara allurar nan jikinsa ya sauya, fitsari kuwa ya riga ya saki, tunda kumburi ne kuma ya saɓe to me ya rage, ba zai ƙara yarda a yi masa abin da ke kashe shi da ransa ba. Kun ga bai yi kuskure ba, da abin da na ba shi ya yi lissafi. Na sake aikawa, na ce likita ya ce dole ne, ya ce likita ba Allah ba ne. Yau sati bakwai ke nan da wucewar randebu, wato ranar da likita ya sa mana. Ciwon bayan ya dawo, na'ibi ya ce yanzu in Malam ya yi ruku'u sai ya dafa gwiwa da kyar yake miƙewa, jiya da shekaranjiya a zaune ya yi nafila, kuma ya fara sake alwala kamar da.

Na kira likita a waya, na faɗa masa gaskiya duka, har hotunan kwalaben na tura masa. Ya wanke ni tas, kuma bai faɗi abin da ba haka ba. Ya ce jikin na Malam ne ba nawa ba, ba ni da hurumin zaɓa masa, ya ce da yawa daga tsofaffin da yake gani in aka yi musu bayani da mutunci suna karɓa fiye da 'ya'yansu, mu ne matsorata. Game da kwalaben ya ce ba wanda ya san abin da ke ciki, wasu irinsu ana zuba musu ainihin sinadarin da ake ƙoƙarin yankewa, in haka ne to da kuɗinsa yake sayen abincin ciwon. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya ce ciwon da ke ƙashin baya in aka bar shi yana iya danne jijiya, mutum ya wayi gari ƙafafu sun mutu, in muka ga ƙafa ta fara nauyi ko fitsari ya sake tsayawa kada mu jira gari ya waye. Ya ce har yanzu da sauran dama, a dawo kan allura ko a yi ƙaramin aikin, akwai sababbin ƙwayoyi da ake haɗawa, akwai gashin inji da ke rage ciwon ƙashi, har zufar ma akwai abin da za a yi mata. Ya ce in kawo shi, zai nemo ma'aikaci namiji dattijo mai jin Hausa su zauna su uku ni ina waje, amma shi ba zai ƙara soka masa allura ba sai ya san ko ta mece ce. Na ce to. Sai dai ta yaya zan kawo mutumin da ya ce ba zai je ba, in ban gaya masa dalilin zuwan ba?

Abin da ya sa na rubuto muku yau shi ne abin da ya faru ranar Juma'ar nan da ta wuce. Bayan la'asar na je gaishe shi kamar kullum, na durƙusa a bakin zaure, yana zaune a buzu ya jingina da bango ya sa matashi a bayansa. Na gaishe shi ya amsa, na yunƙura zan tashi, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Wallahi sai da na waiga na ɗauka wani ne a waje. Shekara arba'in da uku ban taɓa jin yadda sunan nan yake a bakinsa ba. Ya ce in shigo, na shiga, ya nuna mini gefen tabarma na zauna, kuma ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Ran da munka shiga wurin likitan ga, ya daɗe shina magana, har da zane ya yi. Kai kuma abin da ka hwaɗa mini bai kai numfashi biyu ba. Ni ban jin nasaranci, kai ne kunnena a wurin. Mi ya ce maka?"

Jama'a ga ƙofa ya buɗe mini da hannunsa, ya taka al'adar da ya riƙe tun kafin in yi wayo, don kawai ya ji gaskiya. Na dubi hannunsa a kan carbi, na dubi buzun da na san abin da ke ƙarƙashinsa, na ji muryar Inna a tsakar gida tana kiran kaji. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba komai Malam, abin da na gaya muku ne, kumburi ne."

Sai ya ce, "To. Na yarda da kai, ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Tunda ba komai, ba sai na koma Yamai ba." Ya mayar da idonsa kan bango, ya ce in gaida yara.

Ban san yadda na kai gida ba. Tun ranar ba na iya cin abinci, in na rufe ido sunan nan nake ji. Na yi ƙarya ta farko don kunya, ta biyu ban ma san don me ba, kuma da ita ya kafa hujjar barin maganin da ke riƙe da shi.

Don Allah ku gaya mini, musamman likitoci da malamai da ke cikin zauren nan, da waɗanda suka taɓa jinyar iyayensu da irin wannan ciwon. In koma in durƙusa in ce Malam ƙarya na yi muku sau biyu, in faɗa masa sunan ciwon da abin da allurar ke yi, ko da zai tsine mini, ko da jin sunan zai karya shi kamar yadda matata ke tsoro? In haka ne da waɗanne kalmomi ɗa ke gaya wa uba wannan, ku rubuta mini su yadda zan faɗa, wallahi haddacewa zan yi. Ko in tura na'ibi, in tona masa asiri wurin abokinsa don in tsira da ransa? Ko in sake wata ƙaryar in ce takarda kawai za mu karɓo a Yamai, in ya shiga ofis likita ya faɗa masa, ya gane a gaban baƙi cewa ɗansa ya yaudare shi? Kuma in ya ji komai ya ce duk da haka ba ya son allurar, ya fi so ya koma ga Allah yadda Allah ya halicce shi, ina da ikon tilasta masa?

Yau da safe matata ta dawo daga gidan Malam ta ce Inna ta ce Malam ya nemi a miƙo masa sanda kafin ya tashi, wai ƙafarsa ta hagu ta yi masa nauyi. Don Allah kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Ku gaya mini abin da zan faɗa in na shiga zauren nan, domin daga nan can zan nufa.